Farin Farantin Malama Mu-Duba

Ni na buga takardar da ta raba Malama Mu-Duba da ajinta. Gara in faɗi wannan tun farko, kada mai karatu ya ɗauka ni ce mutuniyar kirki a cikin labarin.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina aikin ofis a makarantar cocinmu. Ina buga wasiƙu da tafireta, ina riƙe rajista, ina kaɗa ƙararrawa idan maigadi ya yi nisa. Yara suna ce mini Mama Ofis. Bango ɗaya ne tsakanin ofishina da aji ɗaya, kuma bangon bai kai rufi ba. Saboda haka duk abin da aka faɗa a ajin nan cikin shekara ashirin da shida ya shiga kunnena, ko ina so ko ba na so.

Ta zo mana tana da shekara ashirin da uku, siririya, da takalmin roba da jaka mai tsinkakken hannu. Aka ba ta aji ɗaya don babu mai son sa. Ajin 'yan shekara biyar da shida ne, masu majina, masu kukan uwa, masu fitsari a wando. A satinta na farko wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, tururuwa tana barci?"

Na san amsar da sauran malamai suke bayarwa ga irin wannan tambaya. Ko dai su ce yi mana shiru, ko su ce ikon Allah ne, wanda shi ma yi mana shiru ne cikin ladabi. Ita sai na ji ta ce, "Ban sani ba. Mu duba." Ta kwashe yara arba'in ta kai su gindin katanga, suka durƙusa cikin ƙasa rabin awa suna kallon rami. Na leƙa ta taga na ce a raina wannan ba za ta kai ƙarshen zango ba. Ba su gano ko tururuwa tana barci ba, amma daga ranar sunan ya bi ta.

Ubanta mai gyaran agogo ne. Ta gaya mini a ƙarƙashin teburinsa ta girma, in ba shi da baƙo sai ya ɗauke ta ya maƙala mata ɗan gilashin nan da suke sa wa a ido, ya ce ta leƙa cikin agogo ta faɗa masa me ke motsi. Da ya rasu yayyenta maza suka raba kayan shago. Ita gilashin kawai ta ɗauka, ta ɗaura masa zare tana rataye shi a wuya.

Ta ajiye wani tsohon teburi kusa da tagar ajin. A kansa akwai farin faranti na ƙarfe mai shuɗin baki, ya ɗan ɓantare a gefe. Kowace safiya, bayan addu'a da waƙar yabo, yaron da layi ya zo kansa zai kawo abin da ya tsinto: gashin tsuntsu, ƙwanson dodon koɗi, dutse mai ƙyalli, ganyen da tsutsa ta ci, tsohuwar sheƙar tsuntsu. A zuba a faranti, yara su kewaye, kowa ya faɗi abu ɗaya da ya gani. Doka ɗaya ce, kuma ba ta wasa da ita: ba a faɗin sunan abu sai an gama gani. Wanda bakinsa ya suɓuce ya faɗi suna, ya koma baya ya jira gobe.

Na taɓa ce mata, "Wannan wace irin doka ce? Yaro ya san abu, kin hana shi faɗa."

Ta ce, "Yaya, da zarar yaro ya ce ganye ne, ya gama. Zai juya kai ya nemi wanda zai mintsina. Amma in ya riƙe sunan a baki, dole idonsa ya yi aiki."

"Ke dai da son wahala."

"Ubangiji ya zauna ya yi wa ƙwaro ƙafa shida, kowace da gaɓarta. Shi bai ga wahala ba, sai mu da aka ce mu ƙirga kawai?"

Ba kowa ya so wannan ba. Wata shekara wani uba ya kai ƙara wurin Fasto, wai ɗansa ya koma gida ya ce Malama ba ta san dalilin da ya sa Allah ya yi sauro ba. Wai ina amfanin malamar makarantar coci da ba ta san wannan ba? Fasto ya zo da kansa kafin yara su fita hutun tara, ya tsaya a bakin ƙofa.

"'Yata, ki ce musu don ɗaukakarsa ya yi kowane abu."

"Na faɗa musu, Baba Fasto. Sai suka ce ta yaya sauro yake ɗaukaka shi. Kai ka sani? In ka sani, shigo, suna nan."

Fasto ya leƙa ya ga idanu tamanin suna jiransa. Ya yi gyaran murya ya ce yana da taro.

Ba waliyyiya ba ce. Muryarta a waƙa abin kunya ce, har yara sukan rufe baki. Rahoton ƙarshen zango sai na bi ta kamar zan yi kuka. Yaranta sukan shiga aji biyu rubutunsu kamar kaza ta yi tono, kuma malamar aji biyu takan zo ofis ta ce, "Mama, an sake turo mini 'yan me-ya-sa." Taurin kai gare ta, ba ta iya ba da haƙuri ba. Ta auri wani direban babbar mota, mutum mai shiru, suka haifi 'ya ɗaya. Shekara tara da auren ya rasu. Ta yi sati biyu a gida, ta dawo, aka zuba busasshiyar fara a faranti, ta ce mu duba. 'Yar ta girma ta yi aure a nesa. Daga nan rayuwarta ta zama ɗaki ɗaya a bayan coci da ajin nan.

Tana da shekara arba'in da shida na fara lura. Alamar da take sawa a rajista ta daina hawa layi. Yaron da ya zo sai a ga alamarsa a gidan wanda bai zo ba. Sai kuma ta fara kallon mutane a karkace kamar kaza. Ran nan ta gaishe da matar Fasto da sunan wata.

Na rufe ƙofar ofis na ce, "Me ke damun idonki?"

"Gajiya ce."

"Ni za ki yi wa ƙarya? Yatsa nawa na ɗaga?"

Ta kalle ni kai tsaye. Sai ta juya fuska gefe ta ce, "Uku."

Ran Asabar na kai ta asibitin ido. Likita ya haska, ya sa ta karanta allo, ya sake haskawa. Ya ce tsakiyar ganinta ce take mutuwa. Gefe zai daɗe, za ta iya tafiya ba ta yi karo da bango ba, amma duk abin da ta zuba wa ido shi ne ba za ta gani ba. Na ce tabarau fa? Ya ce ba matsalar tabarau ba ce. Na ce aiki fa? Ya girgiza kai. Ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa, sauran ma tafiya zai yi a hankali.

A mota muna dawowa ta ce, "Yaya, kada ki gaya wa kowa."

"Yara arba'in ne a hannunki."

"Na san ajin kamar tafin hannuna. Na san muryar kowa. In suka ji, za su karɓe shi. In suka karɓe shi, me zan yi? In zauna a ɗaki ina jiran Lahadi?"

Da na ce a'a a wannan motar, da labarin ya ƙare. Ban ce ba. Na ce to.

Shekara uku muka yi muna wannan. Nakan riga kowa zuwa, in rubuta kwanan wata da ayar haddacewa a allo, ina kwaikwayon mummunan rubutunta. In kawo rajista in tsaya a ƙofa, ita tana kiran sunaye da ka, ni ina sa alama. Lokacin tara in kwashi littattafan yara in duba su a ofis da jan biro. Mun yi addu'a, mun yi azumi, mu biyu. Idon bai dawo ba.

Abin da ya fi ba ni haushi, in na tuna, shi ne shekarun nan uku su ne mafi kyau da ajin ya taɓa gani. A da in ta ce me ka gani, ta riga ta san amsa. Yanzu da gaske take tambaya, kuma yara suna gane tambayar gaske ko da ba su san dalili ba. Sai su dage. Ta bayan bango nakan ji.

"Wane launi ne?"

"Ja ne, Malama."

"Wane irin ja?"

Can wata ta ce, "Ja ne da ya gaji."

"To. Gefensa fa?"

"Yana da haƙora ƙanana, amma ba sa cizo."

Nakan dakatar da tafireta in saurara, ni da ban taɓa damuwa da ganye ba. A ƙarshe a sa mata abin a tafin hannu, ta shafa, ta ce, "To, yanzu a faɗi suna," su amsa gaba ɗaya kamar an buɗe famfo.

Na gargaɗe ta sau ɗaya. Na ce, "Wata rana za a kawo abin da zai cuce ki." Sai ta ƙara doka: abu mai rai a kawo shi cikin kwalba a rufe, matacce ko busasshe ne kawai zai hau faranti. Ta ga wannan ya isa. Ni ma na ga ya isa, don haka nake so in gani.

Ranar Talata ce, an kwana ana ruwa, gari ya yi sanyi. Layi ya zo kan 'Yar Tela. Ubanta ke ɗinka kayan makaranta, shagonsa na kallon ƙofarmu. Yarinya ce 'yar shekara shida, ƙarama ko a cikin ƙanana, mai ƙirga komai: matakala, tagogi, maɓallan rigar Hedimasta. Ta zo da gwangwanin maɓalli na shagon ubanta.

"Matacce ne, Malama. A ƙarƙashin bulo na same shi. Na taɓa shi da kara bai motsa ba."

"To, zuba."

Ina tsaye a ƙofa da rajista. Na ji ɗan ƙaras a faranti, amma kawunan yara sun tare ni. Rana ta fara fitowa, tana bugun teburin ta taga. Malama tana tsaye kan yarinyar, fuskarta a kan farantin kamar mai kallo.

"Wa zai fara?"

"Launinsa kamar busasshiyar ciyawa."

"Bai kai yatsana tsawo ba."

"Ƙafafunsa takwas," in ji 'Yar Tela. "Huɗu nan, huɗu nan."

Daga baya Malama ta ce mini da ta ji takwas, gizo-gizo ta sa a rai. Ni ma shi na sa.

"Bayansa layi-layi ne."

"Ya kwanta shame-shame."

Malama ta ce, "To, tun da matacce ne, mai shi ta taɓa ta gaya mana, laushi ko tauri."

Sai wani daga gefe ya ce, "Malama, hannayensa biyu manya ne, kamar almakashi." Wata ta ce, "Wutsiyarsa tana ɗagawa."

Na ji Malama ta ce, "Tsaya." Amma yatsan ya riga ya kai.

Yarinyar ba ta yi ihu nan take ba. Ta ja numfashi tukuna. Malama ta kamo ta da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana yawo a iska a kan teburin, ba ta san inda abin yake ba. Ta ce, "Kowa ya ja baya. Yaya, zo ki duba farantin." Na kutsa na ga 'yar ƙaramar kunama, sanyi ne ya sandarar da ita, rana ta farkar da ita, tana zagaya farin farantin ta kasa hawa gefe. Na danne ta da rajista.

Cikin kukan yara na ji 'yar maigadi tana faɗa, tana shessheƙa, "Na san shi, Malama. Tun da aka zuba na san shi. Amma kin ce ba a faɗin suna." Daga baya muka gano su huɗu ne suka sani. Sun riƙe sunan a baki kamar yadda aka koya musu, suna jiran a gama gani.

Hedimasta ya ɗauki yarinyar a babur. Kafin su isa asibiti ta fara gumi da amai. Ƙaramin jiki ne. Kwana biyu ta yi, rana ta farko likitoci ba su ce wa uwarta komai ba sai a jira. Yarinyar dai ta tashi. Wannan kam ba aikin ɗayanmu ba ne.

A rana ta huɗu Tela ya tsallako titi ya shigo ofis, tef ɗin awo a wuyansa. Hedimasta ya ba shi kujera ya ƙi zama. Hedimastan nan saurayi ne, kuma shi ma a ajin Malama ya fara. Har ranar in ta shigo ofis sai ya miƙe tsaye.

Tela ya ce, "Yallaɓai, ban zo faɗa ba. Yaro yakan ɗauko abin da ya fi wannan, ni ma na ɗauko. Tambaya ɗaya ce ta hana ni ɗinki. Yarinya ta ce Malama tana tsaye a kanta, tana kallon farantin. Ta yaya babba zai kalli kunama ya ce wa yaro ya taɓa?"

Hedimasta ya aika a kira ta. Ta shigo, ya miƙe. Ya fara neman wata takarda a teburi, ina jin so yake ya ba ta ta karanta. Ta ji motsin takarda ta gane.

"Ba sai ka gwada ni ba. Ba na gani."

"Tun yaushe, Malama?"

"Shekara uku."

Sai ya juyo wurina. "Mama, rubutun allo fa? Da littattafan yara?"

"Nawa ne."

Ta juya wajen da take jin numfashin Tela ta ce, "Baban yarinya, laifina ne. Ka yafe mini." Shekara ashirin da shida ina jin muryarta, wannan ne karo na farko da na ji ta nemi gafara.

Tela ya ce, "Na yafe, Malama. Babban ɗana ma ke kika koyar, har yau ba ya wuce ƙwaro bai tsuguna ba. Amma ƙanenta zai shigo aji ɗaya baɗi. Ki gaya mini, in ke ce ni, za ki kawo shi?"

Mutumin yana da gaskiya. In da jikata ce, da ban tsaya yin magana a hankali kamar shi ba.

Dattawan coci suka zauna ran Lahadi bayan sujada, a cikin ajin nan, a kan kujerun yara, gwiwoyinsu kusan a haɓa. Ni ke rubuta abin da aka faɗa. Babu wanda ya zage ta. Kowa ya fara da yabonta, abin da ya nuna mini an riga an gama. Na ajiye biro na ce a ba ta mataimakiya mai ido, ita ta riƙe koyarwa. Hedimasta ya ce malamai shida ne, azuzuwa shida, ina zai samo ta bakwai? Na ce ni zan zauna a ajin. Wani dattijo ya ce, "Mama, ai kina tsaye a ƙofa ranar." Na ɗauki birona. Wani ya ce a yi mata addu'a ta musamman. Na ce an yi shekara uku ana yi. Fasto, wanda lokacin ya tsufa sosai, ya ce Ubangiji ba ya rufe hanya gaba ɗaya, amma da aka tambaye shi wace hanya, sai ya kalli ƙasa.

Suka yanke cewa za ta bar aji ɗaya. Ba a kore ta ba. Za ta riƙa jagorantar addu'ar safe a babban zaure, ta ba yara labari na minti goma. Kuma daga ranar, babu yaron da zai sake shigo da wani abu daga waje. Ni aka ja mini kunne da baki, shi ke nan, don babu wanda ya iya tafireta sai ni.

Ran Litinin na buga takardar, Hedimasta ya sa hannu bai ɗaga kai ba. Na kai mata, kuma dole ni na karanta mata.

"Karanta duka, Yaya. Kada ki tsallake don tausayi."

"Yaushe kika san ni da tausayi?"

Na karanta. Godiya layi huɗu, hukunci layi biyu.

"An ambaci farantin?"

"An ce a kwashe kayan da ke kan teburin taga."

"Wa zai kwashe?"

"Wa kike gani?"

Bayan an tashi na shiga da kwali. Ban san tarkacen ya kai haka ba. Duwatsu, fuka-fukai, haƙorin wata dabba, kwalbar da wake ya tsiro a cikin auduga har ya kai murfi ya lanƙwashe. Na zubar da su a ramin shara. Farantin na wanke na sa a jakata. Sabuwar malamar da aka kawo yarinya ce mai kirki, mai kyan rubutu. Ta manna babban hoto a bango, mai kifin teku da dutse mai ƙanƙara, an rubuta a ƙasa cewa halittar Allah abin mamaki ce. Yara suka haddace jimlar cikin kwana biyu. Ta bayan bango nakan ji suna maimaitawa da ƙarfi, ba kuskure.

Sati biyu bayan haka 'Yar Tela ta dawo, yatsa a naɗe. Lokacin tara Malama tana zaune a benci bakin ofis, don ba ta da inda za ta zauna yanzu. Yarinyar ta zo ta tsaya gabanta.

"Malama, ban gama faɗa ba ranar."

"Me ya rage?"

"Wutsiyar. Gaɓa biyar ce, sai ƙayar. Na ƙirga da ta ɗaga."

"Kin ƙirga?"

"Kafin ta harbe ni. Malama, me ya sa ta yi kamar ta mutu?"

Na ga bakin Malama ya buɗe. Na san kalmomin da ke zuwa, shekara ashirin da shida ina jin su. Ta ce, "Ban sani ba." Ta tsaya a nan. Yarinyar ta jira sauran, ba ta ji ba. Aka kaɗa ƙararrawa ta ruga aji.

Zango ɗaya ta yi a zauren. Yara ɗari biyu da wani abu a jere, ita a gaba tana magana, su ce amin. In ta yi tambaya, na baya ba sa ji, na gaba suna tsoron malamai. Ran ƙarshe ta ce mini, "Yaya, ni ban iya faɗa wa mutane abu ba. Tambaya na iya." Ba ta dawo ba. Aka yi mata addu'ar sallama aka ba ta agogon bango, ita da ba ta ganin lamba. Babu wanda ya yi da mugunta. Ba su dai yi tunani ba.

Yau shekara goma sha huɗu ke nan. 'Yarta ta so ta ɗauke ta, ta ƙi. Tana nan a ɗakinta na bayan coci. Gefen ganin ma ya kusa ƙarewa. Haske da duhu kawai take bambancewa. Gilashin ubanta yana wuyanta har yanzu. Farantin yana kan akwati, a kansa take ajiye kofi da magani don ta san inda za ta laluba. Daga tagarta ana jin yaran makaranta lokacin tara, amma an yi katanga tsakani, kuma yaran yanzu ba su san ta ba.

Nakan je duk Alhamis da hantsi, in ƙafata ta yarda. Mutane suna ce mini ai ta yi aikinta, ga ɗalibanta ko'ina. Wataƙila. Ban ga yadda wannan yake cika mata yini ba. Har yau ban san abin da ya kamata in yi a motar nan ba. Da a ce na tona, da ta rasa shekara uku mafi kyau. Da na rufe, yarinya ta kusa mutuwa. Na juya shi ta kowane gefe, bai zauna ba.

Alhamis da ta wuce na shiga na zauna ina haki.

Ta ce, "Yaya, me kika gani a hanya?"

"Me zan gani? Motoci, mutane, wata akuya a bakin kwata."

"Kin faɗi suna. Koma baya ki jira gobe."

"Ke, ni tsohuwa ce, kada ki mai da ni 'yar aji ɗaya."

"Akuyar. Wane launi?"

"Fara."

"Wane irin fari?"

Na rufe ido na nemi akuyar. Minti goma da suka wuce na wuce ta, har na kauce mata. Ban san ko tana da ƙaho ba. Ban san ko a tsaye take ko a kwance ba. Shekara ashirin da shida ina jin yadda ake yi ta bayan bango, ban koya ba.

Na ce, "Fari dai. Irin na akuya."

Ta karkata fuska wajen taga, tana jira ko zan ƙara wani abu. Na duba, ba ni da shi. Can ta miƙa hannu ta laluba farantin ta ɗauki kofi.

"To," in ji ta. "Zuba mana ruwa."